Kafin Mu Sake Shirya Gasar Dara, Mu Koyi Karanta Jadawali



Tun ranar da kwamitin matasa ya kawo shawarar a sake shirya gasar dara da lido da darafti a hutun ƙarshen shekara nake ta samun saƙonni a waya. Wasu na cewa Sakatare ne ya riƙe takarda, ya ƙi miƙa wa shugabanni. Gaskiya ne, takardar tana hannuna. Na ce ba zan miƙa ta ba sai an haɗo da jadawali a rubuce, mai nuna ƙarfe nawa za a fara kowane abu da ƙarfe nawa za a gama. Tunda maganar ta fita waje, gara in faɗi dalilina a nan kowa ya gani. Wanda yake da ja, ga wurin sharhi nan a ƙasa.

Zan fara da laifina kafin in taɓo na kowa.

Kwanakin baya na ɗauki yaranmu huɗu zuwa wani ƙaramin taron wasannin teburi a cikin garin Abuja. Ɗaya daga cikinsu ya iya wasan ces sosai, a waya ya koya, kuma ya yi makonni yana shirin shiga gasar da za a yi a wurin. Kwana uku kafin ranar aka turo mini jadawalin taron ta WhatsApp. Na buɗe, na ga an rubuta ƙarfe 10 na safe a sama, na rufe. A raina na ce ai goma irin tamu ce, kafin a jera kujeru a gwada lasifika sha biyu ta yi. Sai wajen goman muka bar gida. Muka tsaya a Zuba jiran mota ta cika, muka tarar da cunkoso a hanyar Kubwa, ba mu isa ba sai sha biyu da rabi.

Yarinyar da ke teburin rajista ta karɓe mu da fara'a, sannan ta juyo mini da takarda ta ɗora yatsa a kan layi na biyu. Ƙarfe 10 lokacin buɗe ƙofa ne. An rufe rajistar gasar ces ƙarfe 11, an fara zagayen farko 11:30, kuma mutum 16 kaɗai ake ɗauka, sun cika. Duk wannan yana cikin abin da aka turo mini, ni ne ban karanta ba. Na yi irin roƙon da muka saba, na ce daga nesa muke, a duba yaron nan. Ta ce in ta saka shi, sai ta cire wani wanda ya zo a kan lokaci, wa zan nuna mata ta cire? Ban sami amsa ba.

An zaunar da yaran a wasu teburan, sun koyi sababbin wasanni, sun kuma ji daɗi. Amma wanda ya zo domin gasa bai ce mini uffan ba har muka sauka a gida. Kuɗin mota na mutum biyar ya tafi, kuma yaron da ya yarda da ni ya rasa abin da ya yi wa shiri saboda babba bai karanta takarda mai shafi ɗaya ba. Har yau in na tuna sai in ji kunya.

Mene ne taron wasannin teburi?

Wasu za su ce wane irin taro ne kuma na wasa? Wasannin teburi su ne waɗanda ake zama a yi da allo ko kati ko 'ya'ya, irin dara da lido da darafti da karta da ces da Scrabble, da kuma ɗaruruwan sababbi da ake ƙirƙira kowace shekara. A ƙasashe da dama ana shirya musu taro na kwanaki. A Amurka akwai Gen Con, wanda aka fara a 1968, kuma tun 2003 ake yin sa a birnin Indiyanafolis, kwana huɗu daga Alhamis zuwa Lahadi. A 2023 mutum sama da 70,000 ne suka halarta. A Jamus akwai na birnin Essen da ake yi tun 1983.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. Nan Abuja, kusa da mu, akwai kamfanin NIBCARD Games na Kenechukwu Ogbuagu, wanda ke ƙera wasannin da 'yan Najeriya suka ƙirƙira, kuma shi ke shirya taron AB Con, wanda aka fara a 2016. A 2021 kamfanin ya samu lambar yabo ta Diana Jones, ɗaya daga cikin lambobin da ake ji da su a wannan fage a duniya. Haka kuma ɗan Najeriya, Wellington Jighere, shi ne ɗan Afirka na farko da ya zama zakaran Scrabble na duniya, a birnin Perth na Ostireliya a 2015. A watan Afrilun 2024 kuwa duniya ta ga Tunde Onakoya ya kwashe awa 60 yana buga ces a birnin Niyok don tara kuɗin karatun yara marasa galihu. Saboda haka abin da muke kira wasan yara, wasu sun mayar da shi sana'a da hanyar karatu, kuma ƙofar tana nan a bakin hancinmu.

Abin da ya bambanta irin wannan taro da tarukanmu na gida shi ne abubuwa da yawa ke gudana a lokaci guda. A walima ko taron ƙungiya, dandamali ɗaya ne, mai magana ɗaya, kowa na fuskantar gaba. In ka makara, jawabi biyu ka rasa, ka zauna ka ci gaba da sauraro. A taron wasanni kuwa teburi goma ko ashirin na aiki tare, kowanne da lokacinsa da adadin kujerunsa. A Gen Con abubuwan da ake jerawa a jadawali dubbai ne, ba mai iya halartar ko kashi ɗaya cikin ɗari. Dole mutum ya zaɓa, kuma ba a zaɓe sai an karanta.

Yadda ake karanta jadawalin

Bayan abin da ya same ni na zauna na yi wa takardar nan karatun natsuwa. Ga abubuwan da na ga ya kamata duk mai zuwa irin wannan wuri ya duba, musamman iyaye da malaman da ke raka yara:

1. Lokacin buɗe ƙofa daban, lokacin rufe rajista daban, lokacin fara wasa daban. Wanda ya fi shafar mai shiga gasa shi ne na rufe rajista. Daga shi ake lissafin fita daga gida, a koma baya. Mu da ke Tungan Maje, ko ta Zuba da Kubwa za mu bi, ko ta Giri da hanyar filin jirgi, sai mu ƙara lokacin jiran mota da na cunkoso a kai.

2. Tsawon wasan. Jadawali mai kyau yana faɗin minti nawa ko awa nawa abu zai ci. In ka rubuta sunanka a wasan awa biyu da zai fara ƙarfe 1, kada ka sake rubutawa a wani na ƙarfe 2. In ka tashi a tsakiya ka ɓata wa sauran mutanen teburin wasansu, domin wasan mutum huɗu ba ya tafiya da uku.

3. Adadin kujeru. In an ce mutum shida, shida ne. Allon ne bai da gurbin na bakwai, ba rowa ake yi maka ba.

4. Irin zaman. Akwai teburin koyarwa, inda ake nuna wa baƙo wasa daga farko. Akwai teburin sake, inda kowa ke ɗaukar wasan da yake so ya buga da wanda ya samu. Akwai teburin gwaji, inda mai ƙirƙira ke kawo sabon wasansa a buga a faɗa masa gyara. Sannan akwai gasa. Wanda bai taɓa ganin wasa ba kada ya fara da gasa, wanda kuma ya zo neman kofi kada ya ɓata safiyarsa a teburin koyo.

5. Shekaru da ƙwarewa. Sau da yawa ana rubuta mafi ƙarancin shekarun da ake karɓa, da ko ana buƙatar wanda ya riga ya iya. Uba ya duba wannan kafin ya ɗauko ɗan shekara bakwai ya yi masa alƙawari.

6. Kuɗi. A wasu tarukan kuɗin shiga ƙofa daban ne da na shiga gasa. A Gen Con, misali, bayan katin shiga, yawancin wasanni sai ka sake yankar tikitinsu. A tambaya tun daga gida, kada a je ana lalube a aljihu a gaban yara.

7. Tsarin gasar. Wannan ne ke gaya maka lokacin komawa gida. In sili ɗaya ƙwale ne, ana cinye ka ka gama. In kuma irin tsarin da ake kira na Suwis ne, wanda aka fi amfani da shi a gasannin ces masu yawan jama'a, ba a fitar da kowa. Kowa zai buga dukkan zagayen, bayan kowane zagaye a haɗa masu maki iri ɗaya su kara. Wanda ya shiga irin wannan ya san yini ya kama shi.

Duk wannan karatun bai wuce minti goma ba. Minti goman nan ne na ƙi bayarwa.

Mu dawo gida

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ciwo. Duk wanda ya halarci gasar darar da muka shirya a baya ya san yadda ta ƙare. A takardar gayyata mun rubuta ƙarfe 10 na safe. Ba a buɗe da addu'a ba sai bayan sha biyu, saboda ana jiran babban baƙo. Da ya iso aka shiga gabatar da manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya, sai jawabin maraba, sai jawabin uban taro, sai na shugaban taro, sai waɗanda aka ce su ɗan tofa albarkacin bakinsu. Aka tashi sallar Azahar ba a ajiye ko tsinke ɗaya a gurbi ba.

Mutum 16 suka ba da suna. Da aka zo farawa wani ya ce adalci shi ne kowa ya kara da kowa, jama'a suka amsa da haka ne. Ni da ke riƙe da biro ban yi lissafi ba. Ga lissafin yanzu. In mutum 16 za su kara kowa da kowa, wasa 120 ke nan. Allon dara huɗu muke da shi. Mu ce kowane wasa rabin awa, to zama 30 ake buƙata, wato awa 15 cur ba hutu ba salla. Mu kuma mun fara bayan ƙarfe biyu na rana.

Da sili ɗaya ƙwale muka yi, wasa 15 ne kacal: takwas, huɗu, biyu, sai na ƙarshe. A kan allo huɗu awa biyu da rabi ta isa. Da tsarin Suwis muka bi da zagaye huɗu, wasa 32 ne, awa huɗu a allo huɗu, awa biyu in mun aro wasu huɗun, kuma da kowa ya buga sau huɗu ya tafi gida ransa fari.

Abin da ya faru kowa ya gani. Magariba ta yi ba a kai ko'ina ba. Mutanen da suka zo daga ƙauyukan kewaye suka kama hanya. Dattawa biyu kowanne ya ce shi ke kan gaba, aka yi ta musu har aka fara ɗaga murya. Ba a fitar da gwani ba, kyautar da wani bawan Allah ya saya da kuɗinsa ta koma ofis. Da muka sake zuwa wurinsa neman gudummawa, murmushi ya yi ya ce a fara ba da ta bara tukuna. Dara ta ci gida ke nan.

Abin da masu ja suke cewa

Na ji hujjoji uku, kuma ba na raina ko ɗaya.

Ta farko, wai dara wasan hira ce, a gindin bishiya kakanninmu suka yi ta ba agogo ba takarda, kawo mata jadawali kwaikwayon Turawa ne. Na yarda darar gindin bishiya ba ta buƙatar agogo, kuma ba wanda zai kai mata shi. Amma ranar da ka tara mutum 16, ka karɓi kuɗin wani, ka ce za a fitar da zakara kafin dare, ka ɗauki alƙawari. Ita kanta darar ai tsari ce tsantsa: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, sai an gama zubi ake fara tafiya, sai ka jera uku kake ci. Ba wanda ke yarda abokin karawarsa ya yi tafiya biyu a jere don yana da furfura. Kuma maganar cewa kiyaye lokaci baƙon abu ne a wurinmu ba ta tsaya ba. Wanda ya makara sallar Juma'a liman ba ya jiran sa. Ranar kasuwa ba a ɗaga ta don wani bai shirya ba. Manomi ya san kwanakin shuka, in suka wuce sun wuce. Mun iya kiyaye lokaci a inda muka ɗauki abin da muhimmanci.

Ta biyu, wai rashin ladabi ne a fara taro babba bai iso ba. Wannan ita ce mai nauyi, domin girmama manya tarbiyyarmu ce kuma ba za mu yar da ita ba. Amma mu duba da kyau. Dattijon da ya zo tun goma da sandarsa ya zauna a rana awa biyu, shi ba babba ba ne? Shawarata a ba manyan baƙi lokacin da ya fi dacewa da darajarsu, wato wasan ƙarshe da miƙa kyauta. A rubuta musu a takardar gayyata cewa ƙarfe 4:30 ake buƙatar su. Sun huta da zaman yini, sun zo lokacin da fili ya cika, mu kuma wasa bai tsaya ba. Na tabbata da yawansu za su fi son haka.

Ta uku, wai komai ka tsara sai Allah Ya yarda, ruwa na iya sauka, wuta na iya ɗaukewa. Haka ne. Shi ya sa masu tsara jadawali ke barin sarari tsakanin zagaye da zagaye. Wanda ke da jadawali in matsala ta zo ya san minti nawa ya rasa da inda zai rage. Wanda ba shi da shi sai duhu ya sanar da shi.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba. Mutanen garin nan ba su manta da daren da 'yan bindiga suka shigo suka kwashi mutane a watan Satumbar 2020 ba. Tun daga lokacin, uwa ba ta sakin ɗanta sai ta ji ƙarfe nawa zai dawo. In muka ce za a tashi ƙarfe biyar, muka kai bayan Isha'i, gobe ba za a ba mu yaran ba, kuma iyayen suna da gaskiya. Mata da 'yan mata ma da muke cewa ba sa zuwa tarukanmu, ku tambaye su dalili. Mai girki da yara ba za ta iya zuwa taron da ba a san ƙarshensa ba.

Abin da nake nema

Ba abu mai wuya nake nema daga kwamitin matasa ba. Takarda ɗaya ce mai ɗauke da waɗannan:

A rufe karɓar suna kwana biyu kafin ranar, domin a san adadi a yi lissafi. A faɗi tsarin kowace gasa tun kafin a zo, kada a sake yanke shi a fili da ihu. A ƙayyade wa kowane wasa lokaci. A gasar Scrabble minti 25 ake ba kowane ɗan wasa, wanda ya wuce a rage masa maki, to mu ma za mu iya cewa darar da ta kai rabin awa ba a gama ba, a ƙirga 'ya'yan da suka rage. A saka lokacin Azahar da La'asar da cin abinci a cikin jadawalin, kada su zo kamar ba a san da su ba. Jawabai duka kada su wuce minti 20. A ware teburi ɗaya na koyarwa domin yara, dattijo ɗaya ya zauna ya nuna musu dara, domin da yawa daga cikin 'ya'yanmu sun iya lido a waya amma ba su san zubin dara ba. Wanda ya makara minti goma bayan an kira sunansa, an cinye shi, ko ɗan wane ne, ko da Sakatare ne. Kuma a faɗa ƙarara cewa ba caca, ba ajiye kuɗi a gefen allo.

Sannan a rubuta jadawalin da Hausa da Turanci, tunda garin namu na kowa ne, akwai 'yan uwanmu Gbagyi da sauran maƙwabta da muke so su shigo. A liƙa a ƙofar ofis, a saka a wannan shafi, a tura a zaurukan WhatsApp, a kuma karanta da murya domin waɗanda ba sa karatun boko.

Ku kuma 'yan uwa, in an tura, don Allah a karanta har ƙasa. Kada a tsaya a layin farko kamar yadda na yi.

Yaron nan da na sa ya rasa gasarsa na je har gida na ba shi haƙuri a gaban mahaifinsa. Na yi masa alƙawarin in an sake irin wannan taro a cikin gari, ni zan kai shi, kuma ƙarfe bakwai za ta same mu a Zuba. Ya ce ya ji, amma a turo masa jadawalin shi ma ya karanta da kansa. Na ce ya yi daidai.

Ranar da kwamiti ya kawo takardar da na nema, a ranar zan miƙa ta ga shugabanni in sha Allahu. Mai son taimakawa wajen tsara ta, ko mai allon dara da zai ba mu aro, ya same ni a ofis bayan La'asar.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Tungan Maje da ƙasa baki ɗaya, Ya sa mu zama masu cika alƙawari.

Naku,
Sakataren Ƙungiya